Manhajar Da Take Son Kowa

Ku yi haƙuri da ni, ban taɓa rubuta labari ba. Karatu kawai na iya, shi ma a ɓoye. In kun ga kuskure ku kau da kai.

Auta ake ce mata a gida. Shekararta ta farko ke nan a sashen injiniya, kuma babu abin da take so kamar ɗakin kwamfuta da rana, fanka na juyawa a hankali, haske na zuba ta labule. In ta rubuta layi kwamfuta ta amsa, sai ta ji kamar ta yi magana da taurari.

Malam ya ba su aiki biyu-biyu: manhajar da za ta tambayi sunan mutum, ta gaishe shi. Aka haɗa ta da Dogo, wanda in ya sunkuyo duba aikinta, yatsunta ke manta inda haruffa suke.

Abin da bakinta ya kasa, sai ta ɗora wa manhaja. Ta ƙara sharaɗi ɗaya: in sunan Dogo aka shigar, ta ce, “Hasken idona, kai nake so.” Ta kwafe masa a filash, ta gudu gida da nata kwafin.

Kwamfutar gida ta Yayanta ce, mai gyaran firji, wanda ya ajiye nasa karatun don ita ta yi. Alkawari ɗaya ya karɓa a wajenta: babu saurayi sai ta gama.

“Injiniya!” in ji Yaya. “Kawo in gwada abin nan da ke hana ki wanke-wanke.”

Ya rubuta “Yaya” da yatsa ɗaya. Allon ya amsa: “Hasken idona, kai nake so.”

Ashe ta kuskure sharaɗin, kowa ya zo manhajar faɗa masa take yi.

“Ikon Allah,” in ji Yaya. “Yau ni ne hasken ido? Jiya da na ce ki goge min riga ai ƙaton mugu ne.”

“Yaya, wallahi kuskure ne...”

“Na sani, Auta. Ba nawa ba ne.” Dariyar ta bar fuskarsa. “Ba zan tambayi ko waye ba. Alkawarinmu fa?”

Hawaye suka cika mata ido. Ta dubi hannunsa, duk tabon ƙuna.

“Yana nan, Yaya.”

A gabansa ta goge layin. Amma filash ɗin yana aljihun Dogo.

Washegari ta tarar da ’yan aji sun yi cincirindo a kan Dogo, ana ta shewa.

“Sa sunana! Sa nawa!”

“Kai, har mai gadi take so!”

“Abokiyar aiki,” Dogo ya kira ta yana dariya, “manhajarmu ba ta da zaɓi, kowa nata ne!”

“Wasa ne kawai,” ta ce. “Ka goge shi.”

“In goge? Ai gyarawa za mu yi. Sharaɗi ne ya karkace, wani suna take jira. Bari in gani...”

“Don Allah bar shi...”

Ya riga ya buɗe. Yana sauka layi bayan layi, leɓensa na motsi, ’yan aji sun koma kan wayoyinsu. Ta tsaya a bayansa tana kallon ƙeyarsa. Na ɗan lokaci, a zuciyarta, ta hango su su biyu sanye da rigar kammala karatu, Yaya na tafa musu har da hawaye.

Sai yatsan Dogo ya tsaya cak a kan sunansa. Dariyarsa ta ɗauke. Ya matso da fuskarsa kusa da allon.

Ta ɗauki jakarta, ta riƙe zik ɗin don kada ya yi ƙara, ta bi ta bayan kujeru. Kafin ya ɗago, ta sulale ta fice.