Zangarniya Uku da Tsuntsaye Suka Bari

Ranar Lahadin farko bayan girbi aka wulaƙanta wata tsohuwa a majami'a. A ƙauyen nan, kowa yakan kawo damin godiya, dattijon ikkilisiya ya kira sunansa, mata su rangaɗa guɗa. Ita kuwa tsuntsaye sun cinye gonarta, zangarniyar gero uku kawai suka bari. Su ta kawo.

Dattijo ya yi tsaki, ya tura su ƙarƙashin benci. "Iya, kaji kika kawo wa wannan?"

Tsohuwa ta sunkuya ta ɗauko abinta. "Ubangiji ya bar mini uku, na gode masa."

"Koma ki zauna, Iya."

"Ya bar mini uku, na gode masa."

Ta ɗaga su sama, ta kama waƙar yabo ita kaɗai. Mata suka amsa, maza suka miƙe, guɗa ta cika majami'a.

Fasto ya karɓi geron da hannu biyu, ya ɗora bisa bagadi. Sannan ya juya ga dattijo ya ce, "Baba, a gaban jama'a ka raina godiyarta. A gaban jama'a za ka roƙe ta gafara, yanzu-yanzu."