Farin Zoben da Ya Tona Asiri

Da faɗa suka fara. Fanna ta faɗo rumfar kayan inji a kasuwar Diffa fuska a murtuke, ta dangwara wa Kashim, mai rumfar, wani zobe mai sifirin.

"Sau uku ana sa wa injin ban ruwanmu wannan, sau uku yana yoyo! Ku makanikai ba ku tsoron Allah ne?"

"Ba ni na sa ba, malama. Sil ne, shi ke hana ruwa bin sandar inji, kuma iri-iri ne." Ya jera mata mai sifirin guda, mai ƙananan sifirin, da mai rigar roba. "Dubi fuskar naki, farin tangaran ce. Yashin kogin Komadugu cinye ta yake. Baƙa mai tauri ake sawa."

Ta galla masa harara, amma ta saurara. Ranar ya bi ta gonarsu a Assaga ya sa baƙar, yoyo ya tsaya. Sai saƙonnin waya suka soma tsakaninsu.

"Masifaffiyata, injin na zuba?"

"Bakinka ne ke zuba."

Da maganar aurensu ta taso, mahaifinta, Baba Grema, ya ce ba da shi ba. "Mutumin Damasak da ya tsallako ruwa jiya? Ga Ilyasu ɗan gida, shi ke duba mana inji tun da can!"

Tattasai na fure injin ya sake ɓallewa. Kwana uku ba ruwa, ganye ya langaɓe, noman shekara na shirin tafiya. Ilyasu ya yi ta rantsuwa jabu Kashim ya sa. Baba Grema ya hana Kashim taka gonar. Ita ma Fanna ranta ya ɓaci matuƙa, ta rubuta:

"Ka cuce mu. Kada ka ƙara kirana."

"Buɗe injin ki dubi fuskar zoben. Roƙona ke nan."

Da hantsi ta ɗauki sifana, a gaban mahaifinta da Ilyasu ta kwance injin. Zoben ya fito fari fat.

"Baba, a idona Kashim ya sa baƙi. Wa ya taɓa injin nan bayansa?"

Tsohon ya juya a hankali. "Ilyasu, kai ka zo canjin mai ranar Talata."

Ilyasu ya shiga kame-kame.

"Don mace ka kashe mini gona? Fita, munafuki!"

Aka kira Kashim, kafin azahar ya iso ya sa baƙin zobe, ruwa ya bi kwalbatai, rabin tattasan ya tsira. Fanna ta ce masa, murya ƙasa-ƙasa, "Ka yafe mini."

"Da faɗa na same ki, Masifaffiyata. A haka nake son ki."

Bayan an shanya jan tattasai aka ɗaura aure. Baba Grema ya kama hannun ango ya daɗe bai saki ba.

"Na zalunce ka, ɗana. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a ta gari." Ya dubi 'yarsa. "Kai kuma Allah ya ƙara maka haƙuri."