Sunan da Ayashe Ta Ƙi Ajiyewa

A bakin cocin Jega Yakubu ya fara ganinta, tana gyara ɗankwali bayan sujada. Shi da ke cika kasuwar albasa ta Aliero da surutu, sai ga baki ya mutu. Da ƙyar ya tambayi sunanta.

"Ayashe," ta ce, tana kallonsa ido cikin ido.

Kafin damina ta fita, babur ɗinsa ya haddace hanyar Maiyama, inda take ɗinki. Wallahi yaron nan ya kamu.

Amma da Mama Iyatu, mahaifiyarsa, ta ji sunan wadda yake son aura, sai ta ture kwanon tuwo.

"Sunan da aka sa wa ɗiyar da 'yan'uwanta suka mutu a goye? Ba za ta jawo min kaburbura gida ba. Ta canza shi wurin baftisma, ko a fasa auren."

Yakubu ya tura wa Ayashe saƙo: "Hasken idona, ko Saratu ai Ubangiji ya canza mata suna. Ki ɗauki Alheri, don Allah. Kar in rasa ki."

Amsa ta zo: "Yakubuna, marigayiya Innata ba ta bar min komai ba sai sunan nan. Ina sonka, amma ba zan ajiye shi ba."

Hankalinsa ya tashi matuƙa. Ya yi fushi, ya daina kira, fushin bai kai shi ko'ina ba. Ƙarshe ya ɗauko ta ya kai ta gaban Mama.

Ayashe ta durƙusa.

"Mama, Innata ta binne huɗu. Ta ce a yashe ni, ko mutuwa ta raina ni ta wuce. Tsoro ya sa min sunan, yanzu kuma tsoro ke so in cire shi. Ni kuwa duk sanda aka kira ni, tunawa nake Yesu bai yashe ni ba."

Yakubu ya kasa ɗaga kai.

Can Mama ta ce, "Ni biyu na binne. Tashi, ɗiyata."

Ranar aure, fasto ya tambayi wa zai yi wa amarya addu'a. Mama ce ta miƙe, ta dafa kan amarya, ta kira sunan da ƙarfi har na baya suka ji.

"Ayashe, Ubangiji ya raya ki, ya raya abin da za ki haifa mana."

Coci ta amsa da amin, Yakubu na share hawaye.