Garin da Ake Zuba Masa a Shayi

Kun san irin wannan mutumin. Akwai shi a gidanku, kun ga hannunsa na rawa, kuka kau da kai kuka ce gajiya ce!

Shi mai gyaran lantarki ne, kullum yana saman tsani. Tun da wuta ta kashe abokin aikinsa a gabansa, ƙirjinsa ke dukan tara-tara, numfashi ya sarƙe, gumi ya karyo masa. Matarsa ta yi zancen asibiti, Inna, mahaifiyarsa, ta daka mata tsawa.

"Ɗana ba mahaukaci ba ne! Ungo garin nan, ki riƙa zuba masa a shayi. Kada ya sani."

Ta bi umarni, tana ɓoye ɗacin da na'a-na'a. Barci kuwa ya samu... har da wanda ba a nema ba.

Ranar nan aka shigo da shi hannu a naɗe, goshi a fashe.

"Gyangyaɗi na yi a kan tsani," ya ce. "Ni! Da rana tsaka! Masoyiya, me ke damuna?"

Inna ta matso kusa da kunnen matar. "Haɗa masa shayi, ki ƙara cokali."

Matar ta kalli Inna, ta kalli jinin rigarsa. Ta shiga kicin, ta dawo ta dire ƙullin garin a gabansa.

"Mene ne wannan?"

"Abin da kake sha kowace safiya."

"Ke yarinya!" in ji Inna.

"Inna, me ke ciki?" ya tambaya.

"Saiwa ce... mai maganin ya ce..."

"Saiwar me?"

Inna ta sunkuyar da kai.

Ya juyo ga matarsa. "Da hannunki? Kina min murmushi kina miƙo min kofi?"

"Tsoro nake kada in rasa ka, abin ƙaunata..."

"Ni ma tsoron nake! Kullum! Wa ya taɓa tambayata? Kun mai da ni zakaran gwaji!"

Kuka ya ƙwace masa. Ta durƙusa ta rungume kansa. Sai can ya kama yatsunta da hannunsa mai lafiya.

"Ɗauko mayafinki, da ƙullin za mu je likita ya gani. Na'a-na'ar ki bar min, ina son ta. Amma a gabana za ki zuba."

Ku fa? Ku tashi yanzu, ku zauna kusa da naku, ku tambaye shi abin da ke tsorata shi. In ya buɗe baki, kada ku katse shi.