Sawun Seydou a Lungunan Lome

Shekara guda bayan an rushe tsohon Zongo, mutanensa suka watsu cikin Lome, sai magana ta bazu wai Seydou ɗan rahoton gwamnati ne. Hujjar ita ce ya yi lakwal, wato makarantar boko, yana jin Faransanci, kuma kullum yana bin lunguna yana tambayar ina wane ya koma. A wancan zamanin kuwa, ko a ɗakinka sai ka rage murya.

Aïssa ma da tambaya ya fara mata, ranar da ya tsaya a rumfar atamfar babanta a unguwar Adawlato.

"'Yar Alhaji Mato ce ko? Ina kuka koma?"

"Kai ɗan sanda ne?"

"Da ni ne, da tuni na kama idanun nan."

Ta ɓoye dariyarta cikin mayafi. Kafin damina ta wuce tana kiransa Ɗan Yawona, shi kuma yana kiranta Tauraruwa. Amma da ya aiko manya, Issifou ɗan dillalin atamfa, wanda shi ma yake sonta, ya riga ya cika kunnen Alhaji.

"Ba zan haɗa zuri'a da kunnen gwamnati ba," in ji Alhaji.

"Baba, wa ya gani?"

"Kowa ya sani!"

Aïssa dai ba ta taɓa haɗuwa da wannan Kowa ba. Washegari ta ja Goggo Fatsuma, yayar Alhaji, suka bi bayan Seydou.

Ya wuce cocin nan mai hasumiya biyu, ya ratsa Babbar Kasuwa. A dandalin 'yancin kai ya tsaya da wani soja, har da dariya.

"Kin gani ko?" Goggo ta ce. "Mu koma, ƙafata ta gaji."

Aïssa ta ce, "Goggo, mu ga ƙarshe."

Suka bi shi ta Amoutivé, suka kutsa lungunan Bè-Kpota, inda sai ka karkace kafaɗa kake wucewa. Ya shiga wani gidan kwano. Goggo ta leƙa, sai ta saki salati.

"Hussainatu! Ashe kina raye?"

Maƙwabciyarta ce ta tsohon Zongo, rabonsu tun ranar rusau. Tsofaffin suka rungume juna suna kuka. Seydou kuwa yana tsugune, goro a hannu.

"Gayyatar suna ya kawo min," in ji Hussainatu. "Ba don yaron nan ba, wa zai san inda na faɗa? Aikin ubansa sanƙira ya ɗauka."

"To sojan fa?" Aïssa ta tambaya.

"Matarsa 'yar Zongo ce," in ji Seydou. "Nasu goron na ba shi."

"Me ya hana ka gaya min?"

Ya sunkuyar da kai. "Ɗan lakwal da sanƙiranci? Na ji tsoron ki raina ni, Tauraruwa. Baba daga bakin masallaci yake shela kowa ya ji. Ni sai da ƙafa."

"Ɗan Yawona," ta ce a hankali, "ƙafar nan nake so."

Da suka koma gida, Goggo ba ta ko sha ruwa ba ta tsaya a kan ƙaninta. "Mato, ni na gani da idona. Kai kawo naka shaidan." Aka kira Issifou, ya ce shi ma ji ya yi.

Goron ɗaurin auren, ango da kansa ya raba. Ranar, daga Bè-Kpota, daga Amoutivé, daga gidajen da Alhaji bai san da su ba, mutane suka yi ta sauka har titi ya toshe. Alhaji ya ga abokan da ya fid da ran sake gani. Ya kama hannun Seydou.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a ɗayyiba."

Zongo duka ta amsa da amin, Aïssa na ji daga cikin ɗaki.

Seydou bai taɓa kai rahoton kowa ba. Sanƙira ne, ɗan sanƙira.