Ranar da Jatau Ya Ƙi Ɗaukar Sanda

"Saude, ɗauki goronga ki maishe mishi!"

Baba ya turo ƙwaryar goron da ƙafa har ta bugi tabarmata. Goron gaisuwar Jatau ne, wanda danginsa suka kawo gidanmu a Karakkai tun farkon damina.

"Baba... mi ya yi?"

"Shanun Buba Bahillace sun cinye min gero. Samarin gari duk sun shirya sanda, shi kaɗai ya zamna! Tsohon soja guda, ba shi da zance sai na limamin Nasara!"

Na san bakin da ya kai wannan magana. Lukuman ne, ɗan ƙanen Baba, wanda ya daɗe yana bina da murmushin da ban taɓa mayar masa ba. Shi ke yawo a gari yana cewa Jatau ya baro sallarsa a wurin yaƙin Jamus.

Na tarar da Jatau, wanda aka ce ya bar sallar, a bakin hanyar Bungudu, yana alwala.

"Sanyin idona, kuka kika yi?"

"Kai ka sa ni! Gobe za a far ma rugar Buba. Baba ya ce in ba ka ɗau sanda ba, ba ni ba kai."

Ya dafa cinyarsa, wadda yake ɗingishi da ita.

"A Kamaru harsashi ya same ni nan. Wani limamin Katolika, Bajamushe, ya ɗauke ni, alhali mutanenshi muke harbi. Shi ya yi jinyata. Na tambai shi dalili, ya ce babbansu yake bi, wanda ke birnin Rum. Paparoma suke ce mishi."

"Sarki ne?"

"Ba shi da rundunar da zai aika ko'ina. Mabiyanshi na ɓangaren nan, suna ɓangaren can, suna kashe juna. Sai ya roƙi sarakuna su aje makamai, ya ce a kula da kamammu ko na wane ne."

"Suka ji?"

"Ina! Kowane ɓangare ya zage shi, ya ce ya bi abokan gaba. Bai fasa ba. Saude, ni Musulmi ne, kuma a haka zan mutu. Amma mutumin ga ya burge ni. Babba ya tsaya tsakiya, ya sha zagi don kar a kashe ɗan kowa."

"To Paparoman ne zai ba ka aurena?"

Ya yi dariya. Ni ban yi ba.

Washegari da hantsi na ɗora tulu a ka, wai zan kai wa masu gona ruwa. Ga samarinmu a bakin gonar Baba, ga Fulani can gefe, kowa da sanda. Sai ga Jatau ya ɗingiso hannu wofi, ya tsaya tsakaninsu.

"Matsoraci!" in ji namu.

"Ɗan leƙen asiri!" in ji Fulani.

Lukuman ya zaburo ya sauke masa sanda a goshi.

Na ƙwalla ihu. Jini ya gangaro masa har gemu. Na san da hannu ɗaya zai iya kayar da Lukuman, amma ko yatsa bai ɗaga ba. Sai ya durƙusa a gaban Baba.

"Baba, gero ya riga ya tahi. In aka kashe ɗan wani yau, ba zai tsiro ba."

"In zamna in ci iska ke nan?"

"A'a. Ni zan kawo gayya daga dangina na Tsafe mu shuka maka wake, akwai sauran ruwa." Ya juya. "Buba, da kaka ka sauke garkenka a gonar ga, su kwana nan har rani ya hita. Shanun da suka ci geron su biya da taki."

Kowa ya san irin albarkar gonar da garke ya yi rani a cikinta. Manoma har roƙon Fulani suke yi su sauka.

Buba ya dubi jinin, ya sauke sandarsa.

"Na yarda. Har nono matata za ta riƙa kai muku."

Baba ya dubi Jatau.

"Shi babban limamin naka na Rum, haka aka fasa mishi kai?"

"Shi da baki aka sare shi, Baba."

Baba ya karɓe sandar Lukuman ya wurgar cikin kunyar gona. Ya warware rawaninsa, ya yage gefe guda. Sai ya waiwayo ya gan ni tsaye.

"Ke Saude, tsayuwar mi kike? Kawo ruwa ki wanke ma mijinki goshi."

Mijinki! A gaban Lukuman, a gaban Fulani, a gaban gari duka.

Kafin in isa wurinsa na zubar da rabin tulun.