Dutsen Sama a Gidan Haladu

Rana ta faɗi, ɗan jan da ta bari a kan kogin Binuwai yana dusashewa, lokacin da dutse na farko ya sauka a kan kwanon gidan Malam Haladu a unguwar Ajiya. Matarsa Baraka tana tsugune tana kwashe tuwo. 'Yarsu Kausar tana zaune a tabarma tana zana wa wata amarya lalle, sana'ar da ta yi suna da ita tun daga Jimeta har cikin Yola. Suka ɗauka yaran maƙwabta ne ke jifan mangwaro. Sai wani dutsen ya biyo baya, sai wani, a hankali, kamar mai jifan yana hutawa a tsakani. Amarya ta ja gyalenta ta fice da hannu ɗaya ba lalle. Da aka kira salla jifan ya tsaya, shirun da ya biyo baya kuwa ya fi jifan nauyi.

Malam Haladu ma'aikacin gwamnati ne, jikan fataken Kano. Kakansa ya tara shanu da gidaje; shi duwatsu ya tara. Duwatsun sama, irin waɗanda ke faɗowa da wuta daga sararin samaniya. Ya gina musu ɗaki na musamman da fanka da kabad na gilashi, alhali kicin ɗin Baraka yana yoyo duk damina. Yana da abokan wannan lalura. Duk Asabar sukan cika masa zaure, manyan mutane masu furfura, suna manna wa tsakuwa mayen ƙarfe, suna leƙa ta da madubin ƙara girma, suna musayar gutsattsari kamar yara masu musayar marfin kwalba. Babban abokinsa Danny ne, dillalin ma'adinai. Burinsu duka ɗaya ne: a ce wani ɗakin bincike a Turai ya tabbatar da dutsen ɗayansu, an rubuta sunansa.

Dutsen da ya jawo fitinar, wani direba mai suna Bawa ne ya kawo shi daga wani ƙauye a gindin tsaunuka, arewa da Mubi. Ya faɗo ne a shekarar da 'yan bindiga suka kori mutane. Da masu gonar suka dawo daga gudun hijira, suka tarar da shi ya nutse a ƙasa, ciyawa ta ƙi tsira a gefensa. Suka yi hankali, suka riƙa kewaye shi da garma. Bawa bai yi wannan hankalin ba.

Dutsen ya kai girman kan rago, baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, jikinsa duk lotsattse kamar an danna yatsu a ɗanyen yumɓu. Malam Haladu ya ari injin yankan tayil ya yanke shi a tsakar gida, ya sa Kausar ta riƙe buta tana zuba wa zarton ruwa. Ya fitar da yanka biyu. Ɗaya ya ba Danny musaya, ɗaya ya aika wa wata Baturiya mai suna Tracy da ke aiki a wani ɗakin bincike a Turai. Washegarin ranar aka fara jifa.

Kullum magariba sai an yi. Baraka takan tara kwanukanta ta shige ɗaki tana Ayatul Kursiyyu. Shi kuwa maigidan, maimakon ya tsaya a kan iyalinsa, sai ya fito da tocila da mayen ƙarfe yana bin duwatsun da aka jefo ɗaya bayan ɗaya, ko Allah zai sa a dace da na sama. Duk tsakuwar bakin kogi ce, wasu ma da laimarsu.

Bayan jifa sai murya. Daga ɗakin duwatsun take fitowa, ƙasa-ƙasa, muryar tsohuwa mai rera irin waƙar da ake lallashin jariri. Kaji suka daina kwana a akurki. Maƙwabta suka daina aiko yara karɓar wuta.

“Baban Kausar, ka fitar da dutsen nan daga gidan nan,” in ji Baraka.

“Jahilci ke nan,” ya ce. “Ƙarfe ne da ƙasa, ya girmi duniyar da kike takawa. Iska ce ke shiga ta taga.”

Wata magariba aka nemi Kausar aka rasa. A ɗakin duwatsu aka same ta, zaune a ƙasa cikin duhu, ta miƙe ƙafafu irin zaman tsofaffi, dutsen a cinyarta tana jijjiga shi. Waƙar daga bakinta take fita. Da uban ya miƙa hannu, ba ita ya nufa ba, dutsen ya nufa kada ta yar. Ta ɗago ta dube shi, kallon da ya sa ya koma da baya har ya buge kabad. Tun daga ranar ta daina ci, ta daina magana, ba ta kuma yarda a raba ta da dutsen. Ya ce zazzaɓi ne ya taɓa mata kai.

Baraka ba ta ƙara neman izininsa ba. Ta hau keke napep har unguwar Yolde Pate ta ɗauko Modibbo Bappayo, wani tsohon malami siriri da ya ƙare rayuwarsa a kan littattafai da masu taɓin iska.

Sun iso ana shirin magariba. Modibbo ya yi salla a kan buzunsa a tsakar gida, ya sa aka shimfiɗa tabarma, aka fito da yarinyar da dutsenta.

“Yarinya nan, yaushe ya fara?” ya tambaya da Hausarsa ta mutanen Yola.

Baraka ta faɗa masa komai. Bai ko kalli maigidan ba. Ya zauna ya fara karatu, a hankali, ba ɗaga murya. Duhu yana sauka, jemagu suna wucewa ta sama. Da ya kai ayoyin da ke maganar sama da aka cika da masu tsaro da jifan wuta, jikin Kausar ya sandare. Bakinta ya buɗe, wata tsohuwar murya busasshiya ta fito.

“Ya isa, Modibbo. Na san ayar. A kan ɗana ta sauka.”

Baraka ta toshe bakinta da gyale.

“Wace ce ke?”

“Sunana ba abin faɗa ba ne a gidan da ake yanka kabari da injin tayil. Musulma ce ni. Ina salla tun kafin a kafa garin nan.”

“Musulma ba ya zaluntar yarinya. Me ya yi miki?”

“Ita ta zuba ruwan.” Hannun Kausar yana shafa dutsen. “Ɗana wawa ne. Na hana shi, bai hanu ba. Ya bi abokan banza suka hau sama satar jin magana, aka jefe shi da wannan. Ban yi jayayya da hukuncin Ubangiji ba, kuma ba zan yi ba. Amma inda dutsen ya faɗi nan ɗana ya ƙone, ba abin da ya rage min sai shi. Ina zaune a gefensa masu bindiga suka zo suka wuce. Sojoji suka zo suka wuce. Ba wanda ya taɓa shi. Talakawan da suka dawo ba su da ko tukunya, amma sun san abin da ake kewayewa. Sai wannan.”

Kan Kausar ya juya a hankali ya tsaya a kan ubanta.

“Dube shi. An yi jifa daga sama don a tsoratar da masu hankali, shi ya sa abin jifan a gilashi yana ba abokansa shayi. Na jefi gidansa don ya ji, ya fito yana tsintar tsakuwata da fitila. Na daɗe ina ganin 'yan Adam, Modibbo. Ban taɓa ganin wanda na rasa yadda zan tsorata shi don tsabar wauta ba sai wannan.”

Malam Haladu ya buɗe baki zai yi bayani, Modibbo ya ɗaga masa hannu ba tare da ya waiwaya ba.

“Me kike so ki fita?”

“A mayar min da shi inda yake. Dukansa. Har abin da aka yanka.”

“In an mayar, ba ki dawowa, ke da duk naki?”

“Me zan dawo yi a nan?”

Sai a lokacin Modibbo ya juya. “Malam, yanka nawa ka fitar?”

“Biyu ne, Allah gafarta Modibbo.”

“Kira su yanzu.”

Danny bai ɓata lokaci ba. Kafin a kira lisha ya iso a kan babur, ya tsaya daga bakin ƙofa ya miƙo gutsuren a leda. “Oga Haladu, abeg karɓi kayanka. Tun da ya shiga gidana karena bai daina kuka ba.” Ya juya babur ko sallama babu.

Saura na Tracy. Malam Haladu ya shiga zaure da wayarsa ya rufe ƙofa. A can ƙasarsu rana ba ta faɗi ba, ta kuwa ɗauka nan take. Ta ce yankan yana nan lafiya, ba a fara aiki a kansa ba. In yana so, gobe ma sai ta saka shi a hanya. Sai dai ya sani, ƙa'idarsu ce a ajiye yanka a wurinsu har abada. In ya karɓe, ba bincike, ba rajista, ba suna.

Ya daɗe a tsaye a cikin zauren. Ta ƙasan ƙofa yana jin muryar tsohuwar tana rera waƙarta da bakin 'yarsa. Daga nan ya ce wa Tracy ta ci gaba da aikinta.

Ya fito yana girgiza kai kamar mai ta'aziyya. “Modibbo, an makara. Sun riga sun niƙe shi a inji, ya zama gari.”

Modibbo ya dube shi. Ya jawo Alƙur'anin da ke gefensa. “Za ka dafa?”

“Ai... haka dai aka ce min.”

Dariya ta fito daga bakin Kausar, gajeriya, ba daɗi.

“Rufe littafin, Modibbo, kada ya ɓata shi da hannunsa. Ba na bukatar rantsuwarsa. Ni ɗana ya mutu, na biyo dutsensa har nan. Shi tasa tana raye a gabansa.” Ta tofar da yawu gefe. “Zan fita, don girman abin da ka karanta, da kuma don matar can da ke kuka. Amma ya riƙe nasa, ni ma zan riƙe nawa. Gwargwadon abin da ya rage.”

“Ki ji tsoron Allah! Yarinya ba shi da laifi.”

“Ɗauko yankan, in bar ta cif. Tambaye shi.”

Modibbo ya juya. Baraka ta juya. Malam Haladu ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa.

Modibbo ya ci gaba da karatu, wannan karon da ƙarfi, gumi yana bin gemunsa, yana umartar tsohuwar ta fita ta yatsan ƙafar yarinyar. Ba ta bi ta nan ba. Hannun daman Kausar ya miƙe sama yana karkarwa, babban yatsa da manuni suka lanƙwashe kamar an murɗe su, ta saki ƙara, ta faɗi a jikin uwarta. Wata iska mai ƙaurin ƙonannen ƙarfe ta ratsa tsakar gidan ta haura katanga. Can sai ga kukan gyare ya dawo.

“Dada,” in ji Kausar da muryarta, tana duban uwarta, “ƙishirwa nake ji.”

Modibbo ya naɗe buzunsa. Maigidan ya biyo shi zaure da godiya da ɗan abin sadaka a hannu. Tsohon ya kewaye hannun kamar yadda ake kewaye kashin kaza, ya fita.

Baraka da kanta ta mayar da dutsen. Ta naɗe shi a farin ƙyalle, ta tilasta wa Bawa ya kai ta, suka wuce shingayen sojoji har gonar. Ta saka shi a raminsa, ta jera gutsuren Danny a gefe, ta yi sallama ta juyo. Ba a sake jifan gidan ba.

Yatsun nan biyu kuwa ba su tashi ba. An je asibiti, an yi gashi, an yi tofi. Ba sa ciwo, ba sa jin zafi ko sanyi, ba sa kama komai. Amaren da ke layi a ƙofar gidan suka koma wurin wasu. Kausar ta koyi cin abinci da cokali a tsakanin sauran yatsun, ba ta taɓa yi wa kowa ƙorafi ba.

Bayan damina saƙon Tracy ya iso. Malam Haladu ya shigo tsakar gida da sauri, hula a karkace, fuska kamar an yi masa albishir da Makka. Murna ta mantar da shi abin da ya faɗa a gaban Modibbo.

“An tabbatar! Ku duba, ga sunana a ƙasa!”

Ya miƙa wa Kausar wayar. Ta karɓa da hagu. Hoto ne: yankan dutsen a cikin ɗan akwatin gilashi, an goge shi yana ƙyalli, ko ɓantarewa bai yi ba. Ta daɗe tana kallo. Ta karanta Turancin da ke ƙasa.

“Dada, wai irin na gama-gari ne. Suna da dubbai irinsa.” Sannan ta ɗago. “Baba, wannan ne wanda aka niƙe?”

Ya ɗauke kai yana gyara hularsa.

Baraka ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta gama kwashe tuwonta. Ta buɗe kabad ta ɗauko kwanukan da ake fitarwa in an yi baƙon da ba a sani ba, ta zuba nasa a ciki, ta kai zaure ta ajiye a bakin ƙofa, ta dawo ta sa sakata. A can yake ci har yau.